Filin Lafiyar Iyali: Bayan Tiyata Sai Jinya

 Kowace shekara idan watan Oktoba ya kama akan cika unguwanninmu da kiran mata su je a duba musu mama, kuma kiran yana kan hanya. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne rayuwar da ke biyo bayan an gano ciwon an kuma fara magani. A nan ne mata da yawa a Nima da Maamobi da sauran zangunan Ankara suke karaya, wasu har su yanke magani a tsakiya. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na shekarar 2020 ya nuna mata sama da 4,000 ne ake samu da sankarar mama a Gana cikin shekara guda. Ke nan da wuya a sami zangon da ba shi da mai wannan jinya.

Mafi yawan masu jinyarmu asibitin koyarwa na Korle Bu suke ƙarewa, inda aka buɗe cibiyar gashin sankara ta ƙasa a 1997. Maganin yakan haɗa abubuwa huɗu: tiyata, da allurar kemo, da gashi da na'ura, da ƙwayoyin da ake sha shekaru. Kowannensu yana da tasa wahalar, kuma wadda ta san abin da ke tafe ba ta firgita kamar wadda aka yi wa ba-zata.

Kemo galibi bayan mako 3 ake maimaita shi, sau 6 zuwa 8. Aikinsa kashe ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa, shi ya sa yake taɓa tushen gashin kai da fatar cikin baki da ɓargo. Gashin kai yakan fara zuba mako 2 zuwa 3 bayan allurar farko, ya sake tsirowa watanni kaɗan bayan an gama. Farce na iya yin baƙi, kuma akwai wata jar allura da ke mai da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, wannan launin maganin ne. Don tashin zuciya, a sha maganin da likita ya rubuta tun kafin amai ya zo, a ci abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Koko mai ɗan citta, da tuwo mai laushi da miyar ayoyo, da ƙwai da kifi da wake sun fi soye-soye da yaji zama a ciki. Idan baki ya yi gyambo, a riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

Ga abin da muke roƙon kowane gida ya riƙe: tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowace allura garkuwar jiki takan yi ƙasa ƙwarai. Idan zafin jiki ya kai 38, ko aka ji rawar sanyi, kada a ce zazzaɓin sauro ne a aika yaro kantin magani. A nufi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, a kuma shaida musu cewa tana kan kemo. Ƙaramin ma'aunin zafi ya fi kwalabe goma na maganin ƙarin jini amfani a ɗakin mai jinya. A waɗannan kwanaki ta rage shiga cunkoson kasuwa da taron biki, mai mura kuma ya yi gaisuwarsa daga bakin ƙofa.

Gashi da na'ura ana yinsa ne daga Litinin zuwa Juma'a, na makonni 3 zuwa 5 ga yawancin mata. Ba ya zafi a lokacin, amma fata takan yi duhu ta yi tsami, gajiya kuma ta taru. Kada a gasa wurin da ruwan zafi irin na masu jego, kada a shafa man zafi ko man canza launin fata. Matar da aka yi wa gashi ba ta ɗauke da wani haske a jikinta, tana iya rungumar jikokinta. Abin da ya fi cin ƙarfinta shi ne hawa motar haya daga Circle zuwa Korle Bu kullum safiya, don haka a raba kwanakin rakiya tsakanin 'yan'uwa.

Hannun ɓangaren da aka yi wa tiyata yana bukatar kula har abada, domin idan an cire kaluluwar hammata ruwa na iya taruwa hannun ya kumbura, ko da bayan shekaru. A yi motsa hannun da aka koyar a asibiti, irin tafiya da yatsu a jikin bango zuwa sama. A kiyaye yanka da ƙuna wajen girki, a cire awarwaro da zobe masu matsewa, a koma daka da ɗaukar bokiti sannu a hankali. Da an ga hannun riga ya fara matsewa, a gaya wa likita. Wadda aka ɗora a kan tamoxifen kuwa za ta sha shi shekara 5 zuwa 10. Yakan kawo zafin jiki da gumin dare, ba a ɗaukar ciki a kansa, kuma zubar jini ba bisa al'ada ba ko kumburin ƙafa ɗaya abin gaggauta kai wa likita ne.

Addini bai ƙuntata wa marar lafiya ba. Suratul Baƙara ta yi mata rangwamen ajiye azumi ta rama daga baya, wadda kuma ba ta da halin ramawa malamai sun yi bayanin ciyarwa. Wadda tsayuwa ta gagara ta yi salla a zaune, inda ruwa zai cutar da rauni akwai shafa a kan bandeji da taimama. Addu'a da magani tafiya ɗaya suke yi. Amma duk wani jiƙo ko sassaƙe a nuna wa likita kafin a sha, domin wasunsu suna wahalar da hanta a lokacin da take fama da kemo.

Maigida, yanzu magana ta zo kanka. Sankara ba ta yaɗuwa ta kwano ko shimfiɗa, kuma dora laifinta a kan kishiya ko sammu ɓata lokaci ne da zumunci. Matar da ta rasa mama ɗaya tana karanta fuskarka fiye da takardar asibiti. Ka raka ta ka ji bayanin likita da kunnenka, ka hana masu zuwa dubiya da labarin waɗanda suka rasu. Idan baƙin ciki ya hana ta barci da abinci har makonni, wannan ma ciwo ne da ake magani.

Batun kuɗi kuma, inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 ta sa sankarar mama cikin jerin abin da take ɗauka, sai dai iyali sukan biya wasu gwaje-gwaje daga aljihu. A tabbatar katin yana aiki, ana sabunta shi ta waya da lambar *929#. Ƙungiyoyi irin su Breast Care International, wadda Dakta Beatrice Wiafe Addai ta kafa a Kumasi a 2002, suna haɗa masu jinya da waɗanda suka warke. Mu kuma da muka iya tara gudummawar aure da suna, magajiyoyinmu su ware wani kaso na adashi domin kuɗin mota da abincin mai jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.