Ra'ayinmu: Ma'aikatan Ƙasar Ƙanƙara da Mu

Can a ƙurewar kudancin duniya, a nahiyar Antaktika, akwai wata tashar bincike ta Amurka da ake kira Amundsen-Scott, wadda aka kafa a 1956. A wurin, rana kan faɗi cikin watan Maris, ba ta sake fitowa sai Satumba. Daga tsakiyar Fabrairu jirage kan daina zuwa har wajen ƙarshen Oktoba, a bar mutum 40 zuwa 50 su kaɗai cikin duhu. Ruwan sha sai an narkar da ƙanƙara, wanka kuwa minti biyu ne, sau biyu a mako. Masani da makaniki da mai dafa abinci duk kan karɓi shara da wankin banɗaki bi da bi. A tashar Vostok ta Rasha, sanyi ya taɓa kai digiri 89 ƙasa da sifiri a 1983.

To, me ke zaunar da su? Yawancin aikin ba na a zo a gani ba ne: a fita, a duba na'ura, a rubuta lamba, gobe a maimaita. Haka Turawan Ingila suka yi ta auna iskar ozon a tashar Halley tun cikin shekarun 1950. Sai a 1985 Joe Farman da abokan aikinsa biyu suka nuna daga waɗannan lambobi cewa wannan iska, mai kare mu daga cutarwar hasken rana, tana zaizayewa. A 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montreal don hana sinadaran da ke jawo ɓarnar, kuma Nijeriya na cikinta. Lalle da yayyafi kogi kan cika.

Ba sha'awar ƙanƙara ta sa muka kawo wannan labari ba. Mun kawo shi ne domin mu dubi kanmu. Da yawanmu, tun kafin mu karɓi digiri, mun riga mun yanke cewa ba za mu yi aiki ba sai a Birnin Kebbi ko Abuja. In aka tura matashi ƙauye irin Gumbin Kure, takardar ba ta kwana sai ya shiga neman wanda zai roƙa masa canji. Wanda ya rasa uwa a gindin murhu kuwa yakan leƙa sau ɗaya a wata, ya cika littafin aiki da lambobin da ya ƙirƙira a ɗakinsa.

Wa ke ɗaukar asarar? Manomin albasa na Aliero, wanda amfaninsa ke ruɓewa a rumbu ba wanda ya rubuta yawan abin da ya ruɓe. Mai shinkafa a fadamar Jega, wanda ya ga ambaliyar 2020, yana kuma bukatar a san yadda ruwan Gulbin Zamfara ke hawa kowace damina. Ba na'urar da za ta gaya masa wannan in babu mai tashi da asuba ya karanta ma'aunin ruwan sama, ya rubuta gaskiya.

Ba mu ce laifin matasa ne kaɗai ba. Mutanen Antaktika suna jimrewa ne don an tanadar musu abinci da likita da hanyar jin muryar iyali. Saboda haka muna kira ga hukumomi da su ba ma'aikacin karkara gida da ruwa da kayan aiki, su kuma riƙa karanta rahoton da ya aiko. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da aka kafa a 2006, tana iya tura ɗalibanta ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama su fara ajiye irin wannan lissafi.

Mu kuwa, 'yan'uwa ɗalibai, ba a nemi mu zauna wata shida cikin duhu ba. Garuruwan iyayenmu ne, harajinsu kuma ya ilimantar da mu. Allah ya sa mu gane.