Kada a mayar da mai ciwon suga baƙo a gaban akushin gidansa

A gidaje da yawa, ranar da likita ya tabbatar wa mutum yana da ciwon suga ko hawan jini, ranar ce ake raba shi da akushin gida. Tuwon shinkafa ya haramta, shayi sai tsurarsa, miya babu gishiri babu dunƙulen ɗanɗano. A dafa masa acca ko tuwon alkama a wata 'yar tukunya daban, a ajiye masa gefe, sauran iyali kuwa su kewaye tire suna santi. Ana yin haka ne da kyakkyawar niyya. Amma a ganinmu wannan salo yana daga cikin dalilan da suke sa marasa lafiya da dama su riƙe doka sati biyu ko uku, daga nan su yi watsi da ita baki ɗaya.

Jin an hana ka abin da kake marmari ba shagwaɓa ba ce, ba kuma raunin zuciya ba ne. A tsakanin 1944 da 1945, masani Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka ya gudanar da wani bincike kan maza 36 masu ƙoshin lafiya, inda aka rage musu abinci kusan rabi har tsawon wata shida. Mutanen suka koma ba su da hira sai ta abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki, fushi da ƙunci suka yi musu yawa. Da aka sakar musu mara, da yawansu suka riƙa ci fiye da kima. Mai ciwon suga ba ya cikin irin waccan yunwa, amma darasin ya shafe shi: idan takurawa ta yi tsanani, zuciya takan liƙe wa abin da aka hana ta, ranar da ta samu sarari kuma sai ta rama bashi.

Shi ya sa za ka ga dattijon da ya yi wata guda yana fama da acca babu gishiri, ya je ɗaurin aure ya share faranti biyu na shinkafa, ya kora da kwalbar lemo. Ya dawo gida da kunya, ya ɓoye wa iyali, ya ƙi zuwa awo don kada a yi masa faɗa. Ɓoyewar nan ta fi farantin shinkafar haɗari.

Abin takaici shi ne yawancin haramcin da ake ɗora wa waɗannan bayin Allah ba daga likita ya fito ba, daga majalisa da WhatsApp ne. Alkama da acca su ma hatsi ne, suna komawa suga a jiki kamar gero da dawa, kuma wanda ya cinye malmala uku ta alkama bai tsira da komai ba. Abin da masana abinci suka fi jaddadawa shi ne yawan abin da aka ci da kuma abin da aka haɗa shi da shi. Tsarin da aka fi sani mai sauƙi ne: rabin faranti ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai ko wake, ragowar kashi ɗayan tuwo ko shinkafa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ake cin kwaɗon zogale da rama, da miyar kuɓewa da yakuwa da alayyahu. Mutum zai iya cin tuwon gidansa, a rage malmala, a ƙara miya da ganye.

Haka batun gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan. Ba ta ce a ci abinci salam ba. Daddawa da citta da tafarnuwa da masoro da albasa suna nan, da su kakanninmu suka yi miya kafin zuwan dunƙule, wanda babban kasonsa gishiri ne. A kuma lura da kanwa, domin ita ma tana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishiri. Idan aka riƙa ragewa sannu a hankali, harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Yankewa rana ɗaya ce take sa mutum ya tsani kwanonsa.

Ba muna cewa babu abin da za a bari ba. Lemon kwalba guda yana ɗauke da suga kusan cokalin shayi tara, kuma babu dabarar da za ta mayar da shi abin sha na yau da kullum ga mai wannan ciwo. Akwai kuma masu ciwon ƙoda da dokarsu ta fi tsauri, wanda likita ne kaɗai zai tsara musu. Amma in an ciza sai a busa. Wanda aka raba da lemo a ba shi zoɓo marar suga mai citta da kanumfari, wanda aka raba da alawa a ba shi gyaɗa ko gwaiba.

Iyali su ne kan gaba a nan. Tukunya biyu a gida ɗaya tsada ce, musamman a wannan hali da ake ciki, kuma tana maimaita wa marar lafiya sau uku a rana cewa shi daban ne. Rage mai da gishiri da suga a tukunyar kowa ba zai cutar da yara ba, ga shi kuma ciwon yakan bi jini. Masu karɓar baƙi ma su sassauta. "Haba Alhaji, ɗan wannan ba zai yi maka komai ba" karamci ne a baki, amma yana sa mutum zaɓi tsakanin lafiyarsa da kunyar mai gida.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba. Mai allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage suga, idan abincin ya gundure shi ya ƙi ci, sugansa zai iya faɗuwa ƙasa, ya kama rawar jiki da gumi, har ya suma. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Asibitocinmu ma suna da nasu kason. Mara lafiya ya yi awa huɗu a layi, ya samu minti biyar da likita, a sallame shi da jerin "kada ka ci". Ya kamata gwamnatocin jihohi su ɗauki masana abinci a manyan asibitoci, su buga takardun bayani da Hausa, boko da ajami, masu nuna girman malmala da ludayin fura da mutum zai iya sha, a kuma riƙa gayyatar mai girkin gidan ta zauna a ji bayanin tare da ita.