Ba Kowane Haki Ne Na Nauyin Ciki Ba

'Yan uwana mata masu juna biyu, da ku mazajensu da iyayen miji, kusan kowace mai ciki takan yi haki idan ciki ya tsufa, domin ɗa ya tokare ƙirji. Wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda nake so ku kasa wa kunne shi ne numfashi mai ƙara kamar fito, da ke fitowa daga wuya lokacin da mace take jan iska ciki.

A unguwanninmu na cikin ganuwa, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, an saba a ce asma ce ko ƙurar hunturu, a sayo abin shaƙa a kemis. In bai yi ba, a kira wanzami ya cire beli. A ganina wannan ɓata lokaci ne mai haɗari.

Ɗaya daga cikin masu kawo wannan ƙara wani ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa ƙananan jijiyoyin jini, su kumbura. A da ana kiransa ciwon Wegener, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1936. Tun 2011 likitoci ke ce masa GPA. Ba shi da yawa, ba a ɗaukarsa, kuma ba jifa ba ne. Yakan zo da toshewar hanci mai ɓawo, haɓo, ciwon kunne, ko jini a fitsari. Ga wasu kuma hanyar iska, ƙasa da inda murya ke fita, takan yi tabo ta tsuke. Beli yana sama. Matsalar tana can ƙasa, inda askar wanzami ba ta kaiwa, abin shaƙa kuma ba ya buɗe tabo.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ungozoma shi ne ranar haihuwa. Naƙuda aiki ne na numfashi. Idan kuma tiyatar gaggawa ta kama, aka sa mace barci, bututun da ake zura mata a maƙogwaro zai iya ƙin wucewa. In an sani tun da wuri, sai a shirya, sau da yawa a yi mata allurar baya.

Akwai magani. Wasu, irin su methotrexate da cyclophosphamide, suna cutar da ɗan tayi, wasu kuwa ana ba mai ciki. Wadda ta san tana da ciwon ta ga likitanta kafin ta ɗauki ciki, kada kuma ta daina shan magani da kanta.

In kin ji wannan ƙara, ki faɗa mana a wajen awo, a tura ki sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Shika a leƙa da na'ura. Idan numfashi ya yi tsanani, ko magana ta gagara, maigida kada ka jira gari ya waye.