Rajistar makaranta ba jarin malam ba ce

Tun da aka fara tallar horon "kasuwancin intanet daga sifiri" a Facebook da TikTok, akwai shawara guda da ake ta maimaita wa malamai, ni kuwa ina ganin muguwar shawara ce. Mai horon zai ce maka duk wanda ke son sayar da abu ta intanet sai ya tara jerin mutanen da zai riƙa aika wa wasiƙa ta imel. Daga nan sai ya ƙara da cewa kai malam ai ka fi kowa sa'a, tunda ga rajistar aji a hannunka, ga lambobin uwaye, ga takardun shiga lakwal da wasu suka rubuta adireshin imel ɗinsu a kai. Kwafe su kawai ka zuba a kwamfuta, gobe ka wayi gari da masu karatu ɗari huɗu. Wanda ba malami ba kuwa, sai a ce ya kawo jaka kaza a sayar masa da jerin adireshi dubu goma.

Rabin farko na maganar gaskiya ne, kuma ba zan so ƙin rabin ƙarshe ya sa a zubar da shi ba. Malamin da ke son sayar da takardun bitar BEPC, ko darasin lissafi na ƴan BAC, ko yarinyar da ta gama jami'a ta fara sayar da ɗinki, duk suna bukatar hanyar da za su isa ga mutanensu ba tare da roƙon wani kamfani ba. Mabiyan da kake da su a Facebook ba naka ba ne, na Facebook ne. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar cewa za a rage nuna wa mutane abin da shafukan kasuwanci da na jaridu ke wallafawa, a fifita na dangi da abokai, kuma babu mai shafin da aka nemi shawararsa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke baki ɗaya wajen awa shida. Maƙwabtanmu na Najeriya kuma sun ga nasu: gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022, wanda ya gina cinikinsa a can ya yi wata bakwai yana neman ta inda zai ɓullo. Kayan aro ba ya rufe katara. Imel kuwa ba na kamfani guda ba ne. In kana da jerin adireshi, kana iya sauke shi ya zama takarda a wayarka, ka tashi daga wannan kamfanin aikawa ka koma wancan da mutanenka duka. Ba na cewa imel ba ya yankewa. Lokacin da aka katse intanet na salula a ƙasarmu bayan zaɓen Fabrairun 2021, shi ma ya tsaya cik. A kwanakin nan wanda ya rubuta lambobin masu sayen kayansa a littafi ne kaɗai ya iya aika musu SMS. To wannan ma jeri ne, kuma nasa ne.

Inda muka rabu da masu horon shi ne yadda ake samun jerin.

Uban da ya zo rajistar ɗansa ya ba da lambarsa, ya ba da ita ne don dalili sananne: in yaron ya faɗi a filin wasa a kira shi, in ya yi kwana uku bai zo ba a sanar da shi, in za a yi taron uwaye a gaya masa. Bai ba da ita don a tallata masa takardun fotokopi ba. Ya miƙa ta ga makaranta, kai kuma ka gan ta ne saboda kujerar da kake zaune a kai. Ranar da aka canza maka wurin aiki zuwa Dakoro ko Magariya, ba ka da ikon tafiya da bencin aji, to ina ka samo ikon tafiya da lambobin? Wannan amana ce, ba sai an kawo mana malamin fiƙihu ya fassara ta ba.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, wanda masu horon ba su ma san da shi ba don ba su taɓa tsayawa gaban allo ba. Ɗan kasuwar da ya aiko maka talla ba ka san shi ba, kana share saƙon ka manta. Amma saƙon da ya fito daga hannun mutumin da ke gyara takardar jarabawar ɗiyarka ba talla ba ne a idon uwa. Za ta karanta ta ce a ranta: in ban saya ba, mushe zai riƙe yarinyar a zuciya? Ko da kai malam ba ka taɓa tunanin haka ba, ita ta yi. Za ta cire jaka biyu daga kuɗin cefane ta aika ta Nita ko Airtel Money, kai kuma ka ɗauka kayanka ne suka yi kyau. Cinikin da mai saye ke tsoron ƙi ba ciniki ba ne, haraji ne. Kuma yaran suna gani. Ɗan ajin da ubansa ya saya da wanda ubansa bai saya ba, kowane zai riƙa auna makin da ka ba shi da wannan ma'aunin, ko ka yi adalci ko ba ka yi ba. Mun daɗe muna fama da wannan zargin a kan darasin gida da malamai ke yi wa ƴan ajinsu da yamma. Yanzu ana son a ɗora shi a kan intanet a kira shi dabarar zamani.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, an kuma kafa hukumar HAPDP don sa ido a kanta. Tushen irin wannan doka a ko'ina guda ne: bayanin da aka karɓa don wata bukata ba a juya shi zuwa wata ba da yardar mai shi ba. Na san za a ce wa zai kai malami ƙara don lambar waya. Wataƙila babu. Amma mu ne ke koyar da darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, kuma ban ga yadda za mu gaya wa yara su girmama doka da safe mu taka ta da dare don mun tabbata ba za a kama mu ba.

To a ajiye amana da doka gefe, a yi maganar riba zalla, tunda ita masu horon ke ji. Dabarar ba ta ma aiki.

Fara da adireshin kansu. Kusan kowa da ke riƙe da wayar Android yana da adireshin Gmail, don ba a shiga Play Store sai da asusun Google. Amma wa ya buɗe shi? A mafi yawan gidajen da na sani, yaron da ke sayar da waya ko mai gyara a bakin kasuwa ne ya buɗe, ya ƙirƙiro suna da lambar sirri, mai wayar bai san ko ɗaya ba, bai kuma taɓa leƙa akwatin ba. Irin waɗannan adireshin ne suka cika takardun makaranta, su ne kuma ke cika jerin dubu goman da ake sayarwa, tare da na mutanen da suka yar da waya tun shekara biyar. Kana rubuta wa ɗakunan da babu kowa a ciki.

Ƴan kaɗan da ke buɗe akwatin kuwa su ne haɗarin. Mutumin da ya ga wasiƙar da bai nema ba yana da maɓalli guda da zai danna ya ce wannan saƙon shara ne. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida: mai aikawa ya tabbata masu kai ƙararsa ba su kai uku cikin dubu ba. Yi lissafi da kanka, malam. In ka aika wa uwaye 400, biyu kacal suka danna, ka kai biyar cikin dubu, ka riga ka zarce. In haka ta ci gaba, wasiƙunka za su riƙa faɗawa kwandon shara kai tsaye, har na mutanen da ke son karanta ka da gaske. Kamfanonin aikawa irin su Mailchimp da Brevo sun haramta sayayyen jeri a cikin sharuɗɗansu, kuma suna rufe asusun wanda suka kama. Wanda ya ce to bari ya koma WhatsApp, can ma katanga ce: jerin watsa saƙo ba ya wuce mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. In ka shiga jefa mutane cikin rukuni ba su nema ba, ko kana bin su ɗaya-ɗaya da talla, ƙorafin ƴan kaɗan ya isa a toshe lambarka, lambar da direkta da surukanka ke kiranka da ita.

Na san amsar da ƴan uwana malamai za su ba ni, kuma ban raina ta ba. Albashi bai kai ƙarshen wata, na ɗan kwantaragi ma ba a cewa komai, buhun hatsi kuma ba ya jira. Mutumin da ya iya warware lissafi fiye da kowa a unguwa me zai hana shi cin abinci da iliminsa? Babu. Ni ma so nake ya ci. Abin da nake cewa shi ne kasuwarsa tana wajen ajinsa, kuma ta fi ajin girma nesa ba kusa ba. Ƴan aji sittin ne a gabansa. Masu shirin BEPC a faɗin ƙasa dubun dubbai ne, kuma babu ɗaya cikinsu da ke tsoron jan alƙalaminsa.

Hanyar da ke ɗorewa ba ta da armashi, shi ya sa ba a sayar da horonta. Ka zaɓi abu guda da ka ƙware a kai. Ka shirya abu mai amfani na kyauta, misali tsohuwar jarabawar lissafi guda da ka warware ta daki-daki, ka sa ta a matsayinka na WhatsApp da shafinka, ka ce wanda ke son irinta kowace Lahadi ya rubuta adireshinsa a wannan fom. Ka faɗa masa ƙarara abin da zai riƙa samu, da ranar da zai riƙa samu, da cewa wani lokaci za ka tallata abin sayarwa. A ƙasan kowace wasiƙa ka bar masa ƙofar fita. Kuɗi ba su ne matsala ba: Brevo na barin mutum ya aika wasiƙa 300 a rana kyauta, wanda ya ishi mai farawa shekara guda ko fiye. Ka sa wasiƙar ta zama gajera, mara nauyin hotuna, don mai karanta ka yana ƙirga megarsa. Sannan ka cika alkawarin Lahadi ko da mutum goma sha biyu ne a jerin, don nan ne mafi yawan masu farawa ke zubewa.

Wani zai ce ai mutanenmu ba su karanta imel. Da yawa ba su yi, gaskiya ne, shi ya sa fom ɗinka ya kamata ya tambayi mutum ta inda ya fi so, imel ko WhatsApp, ka rubuta zaɓinsa da ranar da ya yarda. Amma masu karantawa suna nan, kuma su ne suka fi iya biya: malamai ƴan uwanka, ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi, ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa, waɗanda neman gurbin karatu ya tilasta musu buɗe akwati kullum. Ga kuma uwayen da ke ci-rani a Kwatano ko Abijan ko Akara, yaransu na gida, su kuma suna neman wanda zai taimaka musu daga nesa. Mutum tamanin irin waɗannan, da suka rubuta sunansu da hannunsu, za su sayi abin da dubu goman da aka saya ba za su taɓa saye ba. Wani abin da masu horon ke kwafowa daga bidiyon Amurka ba su duba ba shi ne biyan kuɗi: Substack na karɓar kuɗin masu karatu ne ta hanyar Stripe, yana cire kashi 10 cikin ɗari, Stripe kuwa ba ya buɗe wa mazaunin Nijar asusu. Kai naka cinikin ta Nita da Amana da kuɗin salula zai bi, don haka tun farko ka tanadi littafin da za ka riƙa rubuta wanda ya biya.

In uban wani ɗan ajinka ya ga tallar a waje ya shigo da ƙafarsa fa? Ni a ganina ka ba shi kyauta har yaron ya bar hannunka, ko ka mayar masa da kuɗinsa ka gaya masa dalili. Asarar jaka biyu ce.

Ku kuma uwaye, kuna da hakkin tambaya, kuma tambaya ba rashin kunya ba ce. In saƙon talla ya zo muku daga wanda ba ku ba lamba ba, ku tambaye shi inda ya samo ta. In daga makaranta ta fito, kada ku tsaya gardama da malamin shi kaɗai, don yaronku na hannunsa. Ku kai maganar taron COGES ko na ƙungiyar uwaye, inda za a yi ta ba tare da kama suna ba. Abin da za ku nema ƙarami ne: a rubuta a takardar shiga makaranta cewa lambobi da adireshin uwaye na aikin makaranta ne kawai, a faɗi wanda ke da izinin riƙe rajistar, kuma rukunin WhatsApp na aji ya zama ba a talla a cikinsa, ko ta malami ko ta uba. Direkta na iya sa hannu a kan wannan kafin a koma hutu.