Sharhi: Kowace Illar Ruwa da Maganinta

Sharhinmu na yau ya shafi ruwan da muke sha a gidajenmu na Samaru da Sabon Gari, da yadda ya kamata magidanci ya zaɓi hanyar gyara shi.

Ko da yake Allah ya albarkaci ƙasar Zazzau da kogin Galma da na Kubanni, kuma a shekarar 2017 hukuma ta buɗe matatar ruwa a Shika wadda aka gina don tace lita miliyan 150 kowace rana, duk wanda ya ratsa Hayin Dogo ko Muciya da sassafe, ya ga 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki, ya san har yanzu rijiya da burtsatse su ne madogarar gidaje da yawa.

Malamanmu na fiƙihu, tun daga Ahalari har zuwa Risala, sun karantar da mu mu dubi launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin mu yi tsarki da shi, kuma wannan hukunci ne na ibada wanda babu ja a cikinsa. Amma ruwan da ya inganta a yi alwala da shi yana iya ɗauke da illar da ido ba ya gani, harshe ba ya ji. A birnin Landan, cikin 1854, wani likita mai suna John Snow ya gano cewa annobar kwalara ta fito ne daga famfon wata unguwa wanda mutane ke yabon ruwansa, alhali kuwa ƙazantar masai ta riga ta tsiyaya cikin rijiyarsa. Wannan cuta ce ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya cikin 2021, ta yi ajalin fiye da 3,000.

Saboda haka wajibi ne mutum ya fara sanin illar ruwansa tukuna, sannan ya nemi magani. Idan illar laka ce, kamar yadda rijiyoyi kan gurɓace da damina, sai a bar ruwan ya kwanta, a sa ɗan alif ko garin 'ya'yan zogale, a tace da ƙyalle mai tsabta. Tacewa da ƙyalle tana cikin dabarun da aka yaƙi kurkunu da su, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi. Sai dai ƙwayoyin kwalara da na taifot sun fi ƙarfin ƙyalle da alif, domin ƙanƙantarsu ta kai su wuce ta ramin saƙa.

Waɗannan ƙwayoyi hanya uku ake kashe su, kowa ya ɗauki daidai ƙarfinsa. Mai halin gawayi ko gas ya tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya. Wanda itace ya yi masa tsada ya sayi sinadarin kulorin, irin su WaterGuard, ya zuba gwargwadon awon da aka rubuta, ya dakata minti 30. Wanda ba shi da ko ɗaya ya cika farar gorar roba, ya shimfiɗa ta a rana awa 6, ko kwana 2 in akwai hadari. Sharaɗin kulorin da rana ɗaya ne, wato a kawar da laka tukuna, don laka tana cinye ƙarfin maganin, tana kuma tare hasken.

Akwai kuma illa ta uku, wadda ta narke cikin ruwan. Ruwan burtsatsen da ke barin jan tsatsa a farar riga, ƙarfe ne a cikinsa, kuma in ya sha iska aka tace shi da yashi yakan gyaru. Amma dalma, da sinadarin naitiret da ke tsiyayowa daga shadda da takin zamani, wanda ke cutar da jarirai musamman, tafasawa ba ta fitar da su, hasali ma ƙara musu yawa take yi idan ruwa ya ƙafe. Babu mai hukunci a kansu sai ɗakin gwaji, kuma sau da yawa mafita ita ce a sake rijiya. Masana sun ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin shadda da rijiya, abin da ke da wuya a cunkoson gidajen haya.

Bayan duk wannan, ruwan da aka gyara yakan sake ɓaci a randa marar murfi wadda kowa ke tsoma hannu, don haka a rufe ta, a keɓe mata moɗa ɗaya mai dogon mariƙi, a riƙa wanke jarkoki.

Muna kira ga masu unguwanni da limamai da masu gidajen haya, tun da Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru da sashenta na nazarin albarkatun ruwa, su haɗa kai su riƙa kai ruwan rijiyoyinsu a gwada, musamman a farkon damina. Lafiyar iyali amana ce a wuyan magidanci, kuma za a tambaye shi a kanta. Allah ya ba mu ikon cikawa.