Fankar laftof ɗinka ba ta lalace ba, iska take nema

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ɗalibai a Dorayi lokacin rubuta furojet ya san wannan ƙarar. Laftof na kan katifa, fankarta na gurnani kamar ƙaramin janareta, mai ita kuma yana mita wai ta tsufa, ko bairos ya shige ta. Washegari sai a nufi wurin mai gyara a ce a yi mata fomatin. A ganina yawancin kuɗin da muke kashewa a kan wannan matsala asara ce kawai. Abin da ya fi kuɗin ciwo ma shi ne babi biyu ko uku na furojet da kan bi fomatin ɗin su tafi, a dawo gida kuma fanka ta ci gaba da kukanta.

Aikin fanka ɗaya ne, fitar da zafi. Furosesa yakan yi zafi in yana aiki, wani bututun tagulla ya ja zafin zuwa wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji a bakin tagar iska, fanka ta busa ta cikinsu. In zafin ya doshi digiri 100, furosesa ya rage gudu don ya ceci kansa, shi ya sa za ka ga komai ya yi nauyi. In hakan bai isa ba, na'urar ta ɗauke gaba ɗaya. Saboda haka fankar da ke ƙara tana bakin aikinta ne. Wadda ya kamata ta tayar maka da hankali ita ce wadda ta yi shiru alhali gindin laftof yana ƙona cinya.

To, me ya sa namu suka fi kuka? Kamfanoni irin su HP da Dell sukan rubuta a takardun na'urorinsu cewa an yi su ne don aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Kano, a watan Afrilu, digiri 40 ba labari ba ne, balle a ɗakin kwano da rana tsaka babu wuta. Kafin bazarar ma ga hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu fanka tana shaƙar ƙura. Mu na Dorayi muna da ƙari: layukan da ba kwalta, ga manyan motocin da ke zirga-zirga zuwa masana'antun Sharada da Challawa. Ƙurar nan takan haɗu da zaren bargo ta zama wani dunƙule kamar auduga, ta toshe haƙoran nan. Sannan mu faɗi gaskiya, yawancin laftof ɗinmu 'yan gwanjo ne, sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da tagulla ya daɗe da bushewa.

Kafin ka kashe ko sisi, sauke ta daga katifa. Yawancinsu ta ƙasa suke jan iska, katifa da filo kuwa toshe su suke yi. Ɗora ta a kan tebur, ko katako, ko da tiren cin abinci ne, ka ɗan ɗaga bayanta da littafi ba tare da ka rufe ramukan ba. Wallahi wannan kaɗai yakan rage ƙarar.

Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka duba wace manhaja ce ke cinye ƙarfin furosesa. Sau da yawa Chrome ne da shafuka ashirin a buɗe, ko Windows tana sabunta kanta, wannan zai wuce. Amma in ba ka buɗe komai ba kuma fanka ba ta hutawa, a nan ne maganar bairos ke da tushe, kuma galibi mu muke kawo shi da hannunmu. A shekarar 2021 kamfanin Avast ya bankaɗo wata muguwar manhaja da ya kira Crackonosh, wadda aka ɓoye cikin wasannin sata irin su GTA V da Pro Evolution Soccer 2018. Tana shiga sai ta kashe kariyar Windows, ta sa kwamfutarka haƙo kuɗin intanet na Monero dare da rana, ribar ta tafi aljihun wani. Ku tuna da wannan in filasha tana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki. Ko a nan ɗin ma, kwafe fayilolinka tukuna kafin kowa ya taɓa maka na'ura.

In duk wannan bai yi ba, sai buɗewa. Akwai masu gyara na ƙwarai a Farm Centre da titin Beirut, amma ka je da abin da kake so a bakinka: a buɗe, a cire ƙurar, a goge tsohon man a sa sabo. Ka tsaya a yi a gabanka. A cire batir kafin a fara, a kuma riƙe fankar lokacin da ake busa mata iska, don in ta juya fiye da ƙima takan lalace. In kuwa ƙarar ta koma kamar ana niƙa tsakuwa, fankar ce ta cinye, canji kawai za a yi. Faifan nan mai fanka da ake sakawa a ƙarƙashi ba laifi, amma ba ya cire ƙurar da ke ciki.

Kirana ga ƙungiyar ɗalibai shi ne ta ɗauki wannan a matsayin aikin walwala. Muna da 'yan sashen kwamfuta da na lantarki da ke neman inda za su gwada hannu. A sayi sukundireba, buroshi, abin busa iska da man furosesa, a nemi malami ɗaya ya sa ido, a ware rana guda kowa ya kawo tasa. A yi shi a ƙarshen Fabrairu, ƙurar hunturu ta lafa, zafin Maris bai kankama ba.