LAHIYA UWAR JIKI: Bayan an sa ragar ƙarfe a jijiyar ƙwaƙwalwa

Cikin ƴan kasuwarmu da ma'aikata akwai waɗanda ake kaiwa Tunisiya, Maroko ko Faransa don a yi musu aiki a jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa. Su komo gida, a yi musu barka da arziki, shi ke nan sai su jingine maganar. To, lalle da sauran aiki.

Wannan raga, wadda lokotoro ke kira siten, ƴar siririyar bututu ce ta ƙarfe. Ana zura ta cikin jijiyar da ta tsuke domin ta buɗe, ko kuma a bakin wani kumburi na jijiya domin kada ya fashe. Amma jiki yakan yi tsoka ya lulluɓe ragar har hanya ta sake tsukewa, ko jini ya daskare a kanta, ko kumburin ya ƙi mutuwa. Sau da yawa mutum ba ya jin komi sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Shi ya sa ake ɗaukar hoto, galibi bayan wata 6, a sake bayan shekara guda.

Hanyoyin uku ne. Ta farko ita ce anjiyogarafi, wadda Egas Moniz, lokotoro ɗan ƙasar Fotugal, ya ƙago a 1927. A yau ana zura siririn tiyo ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, a tura ruwa mai aidin, a ɗauki hoto. Ita ta fi nuna gaskiya, amma tana da tsada, kuma akwai ɗan haɗarin shanyewar jiki, ƙasa da kashi 1 cikin 100.

Ta biyu ita ce skanar: allura a hannu, cikin ƴan mintoci an gama. Aibinta, ƙarfe yakan ɓata hoto, musamman idan an cusa zaren filatin cikin kumburin. Mai ciwon ƙoda kuwa ya faɗa tun da wuri, don ruwan aidin yana wahalar da ƙoda.

Ta uku ita ce IRM, mai aiki da maganaɗisu, ba da hasken radiyo ba. Tana nuna ko jini na shiga kumburin har yanzu, sai dai cikin ragar yakan dushe, har a zaci hanya ta tsuke alhali lahiya lau take. Don haka in IRM ko skanar ta kawo shakka, anjiyogarafi ce ke raba gardama.

Ga gargaɗinmu. Kafin ka baro asibitin waje, karɓi takardar da ke nuna sunan ragar da irin ƙarfenta, da faifan hotunanka. Mai IRM zai tambaye ka. Tambayi lokotoronka ko hoton da za a ɗauka a Yamai ya wadatar, a aika masa, ka huta da kuɗin jirgi. Kada ka bar shan asfirin da kulofidogirel da ra'ayin kanka, ko da azumi ne ko fatauci. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take.

Wanda ya kashe miliyoyi wajen aiki, bai kamata kuɗin hoto ya gagare shi ba. Ya ware su tun ranar da ya komo. Allah ya ƙara mana lahiya. Sai mako mai zuwa.